Saɓanin Takardu Wajen Ɗaukar Ma'aikata

Idan hukuma ta binciki takardun mai neman aiki, saɓanin da takan tarar iri biyu ne, wajibi ne kuwa a rarrabe su.

Na farko tushensa al'adar suna. Mutum ɗaya yakan zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare. Wani ya shiga makaranta da sunan garinsu, irin su Aminu Kano da Shehu Shagari, wani da na mahaifinsa. Wanda ba a rubuta ranar haihuwarsa ba kuwa, sai ƙiyasi da takardar rantsuwa ta kotu. Wannan ba ha'inci ba ne.

Na biyu shi ne jabu. Cikin 1999 Salisu Buhari ya sauka daga shugabancin Majalisar Wakilai, bayan ta bayyana cewa ba shi da digirin Jami'ar Toronto da ya yi iƙirari, ya kuma ƙara wa kansa shekaru.

Saboda haka kada jami'i ya yanke hukunci da ganin takarda kurum. Ya tuntuɓi makarantar da ta ba da ita, ya saurari mai ita. In ba haka ba, sai harafi ɗaya ya hana mai gaskiya aiki, maƙaryaci kuwa ya wuce, domin takardunsa sun fi na kowa tsabta.