Salati irin na mutanen Italiya, da kayan garkarmu

Ga jawabin da wakilinmu ya yi ma ɗaliban karatun manya, maza da mata, bayan an tashi daga darasi. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba su karanta.

 

Yau ba maganar baƙi da wasali za mu yi ba. Maganar ciki ce. Da na shigo garin nan da safe, na bi ta garake. Na ga salati ya yi kore shar, na ga tumatir, da karoti, da albasa. Na tambayi wani dattijo ko yana cin salatin nan da yake ba ruwa safe da marece. Sai ya yi dariya, ya ce shi ba akuya ba ne, na mutanen birni ne. Ke nan buhu ya tafi birni, yara kuma su kwana da tuwo da miyar kuka. Abin da ya sa na zo da wannan magana ke nan.

Tun shekarar 1984, lokacin da fari ya ci gonaki, gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane ga noman rani. Daga nan garake suka yawaita a ƙasarmu. Mun iya shuka ganyen, amma da yawa cikinmu ba su koyi cinsa ba. A cikin wannan shekara ce kuma aka soma babban aikin gyaran ƙasa na Keita, cikin jihar Tawa, da kuɗin ƙasar Italiya. To, mutanen Italiya gwanaye ne wajen cin ɗanyen ganye. Da harshensu suna ce ma salati "insalata". Asalin kalmar daga gishiri ne, wato ganyen da aka sa ma gishiri. Su abin da suke zubawa uku ne kawai: man zaitun, da binegar, da gishiri.

Akwai kuma wani iri da ake yankawa ƙanana ƙanana. Wannan a Amurka ya yi suna, inda mutanen Italiya da yawa suka yi ƙaura. Wani gidan abinci mai suna La Scala, da aka buɗe a 1956 a jihar Kaliforniya, shi ya fi shahara da shi. Can suna haɗa ganyen salati da cuku, da wani wake mai kama da kwaruru, da busasshen nama mai suna salami. Ku lura, salami yawanci naman alade ne, ba namu ba ne. Mu muna da kilishi, muna da ƙwai, muna da wakenmu, muna da cukun Buzaye. Ba abin da za mu roƙa wurin kowa.

Me ya sa ake yanka shi ƙanana? Don kowane cokali ya ɗebo kome da kome. Ga kuma amfanin da ya fi mana: in an yanka an gauraya, babba ba ya tsince nama ya bar ma yaro ganye. Kun san halinmu in an kewaye kwano.

Kafin wuƙa, sai ruwa. Nan nake so ku buɗe kunne, don nan ne hatsarin yake. Salati ba a dafa shi. Duk abin da ke jikin ganyen, cikinka za shi. Muna zuba taki a garka. Wasu suna ban ruwa da ruwan tabki, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka. Cikin irin wannan ruwa akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani: na zawo, na atini, na zazzaɓin taifot, da ƙwan tsutsar ciki. Ni kaina na taɓa sayen salati a bakin wata tasha, mai kyan gani. Kwana huɗu na yi ina zarya bayan gida. Ganyen ba shi da laifi. Ruwan da aka wanke shi da shi ne.

Ga yadda za ku yi. Ki fara wanke hannunki da sabulu. Ki ɓare salatin ganye ɗaya ɗaya, kada ki tsoma shi dunƙule. Ki murza kowane ganye da yatsa cikin ruwan famfo ko na rijiya mai murfi, gaba da baya, har gindin inda ƙasa ke maƙalewa. Ki zubar, ki sake, har sau uku. Wannan murzar ita ke fid da ƙwan tsutsa. Sannan ki jiƙa shi kamar minti 15 cikin ruwan da aka ɗiga ma zabel, ko aka sa ma farmanganat har ya yi ja kaɗan kaɗan. Zabel ɗin kasuwa ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, saboda haka ki kai kwalbarki ma'aikacin lafiya ya nuna miki awon da ya dace da ita. Bayan haka ki ɗauraye da ruwa mai tsabta, irin wanda za ki sha. Kada wani ya ce muku gishiri ko lemun tsami sun isa kashe cuta. Ba su isa ba. In kuma an ji labarin kwalara a yanki, a bar ɗanyen ganye sam, a dafa kome, sai ta wuce.

Ku maza masu garka, naku ya zo. In kun fesa maganin ƙwari, kada ku tsinka washegari. A jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira. Ga amfanin karatun da kuke yi: ku karanta lambar da kanku.

In ganye ya wanku, a shanya shi cikin kwando mai tsabta, a inuwa, a rufe saboda ƙuda. Sai ya tsane sarai. Mai da ruwa ba su shiri. In ganyen jiƙe yake, man zai zame ya taru a gindin kwano.

Yanzu ga kayan da za su ishi mutum 6: salati kai 2, tumatir 4 masu ƙarfi, karoti 2, kokombur 1, tattasai 1, albasa 1, dafaffen wake ludayi 2, dafaffen ƙwai 3, da kilishi ko cuku in akwai. Waken a dafa shi ya nuna amma kada ya farfashe, a bar shi ya huce. Kome a yanka shi kamar girman ƙwayar gujiya. Salatin kuma a yanka shi siriri. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama, a wanke ta da sabulu tukuna.

Albasa kuwa, ba wanda zai gwada mana. Albasar Galmi har Abijan da Akara ake kai ta. In ta yi muku yaji, ku jiƙa yankakkiyar cikin ruwan sanyi minti 10, zafinta zai ragu, yara ma su ci.

Saura ruwan haɗi, wanda shi ne ran abin. Ba sai kun sayi na kanti ba. Ku riƙe wannan lissafi: mai 3, tsami 1. Ga kwanon mutum 6, cokali 6 na mai, cokali 2 na binegar ko ruwan lemun tsami. Man zaitun yana da tsada a nan. Man gyaɗa da matanmu ke matsewa ya wadatar, in dai sabo ne bai yi ɗoyi ba. Ki daka tafarnuwa ƙwaya 1 da gishiri kaɗan da masoro. Ki zuba tsamin a kai tukuna, don gishiri cikin tsami yake narkewa, ba ya narkewa cikin mai. Sannan ki juye cikin kwalba mai murfi, ki zuba man, ki rufe, ki girgiza da ƙarfi har ya yi kauri, ya haɗe. In kin ajiye ya rabu, ki sake girgizawa. Mutanen Italiya suna son wani ganye mai ƙamshi, ɗan uwan ɗoɗɗoyarmu ne. Ki tsinko ganye biyar ko shida ki yayyanka a ciki.

Wata uwa ta tambaye ni ɗazu, ta ce wannan da kwaɗo mene ne bambancinsu? Gaskiyarki, inna. Ƴan uwan juna ne. Kwaɗon zogale dafaffe ne, da ƙuli-ƙuli. Wannan ɗanye ne, da mai da tsami. In kin ga dama ki barbaɗa ƙuli-ƙulin a sama, ni ma haka na fi so.

Kada a zuba ruwan haɗin sai mutane sun zauna. Gishiri yana jan ruwan ganye. In an zuba tun da wuri, kafin a ci ya yi laushi, ya kwanta. Abin da ya rage kuma kada a ajiye shi ya kwana, da zafin ƙasarmu. A yi daidai ciki.

Man nan ba don daɗi kaɗai ake sa shi ba. Cikin karoti da ganye mai kore sosai akwai abin da jiki ke mai da shi bitamin A. Rashinsa ne ke kawo dundumi, yaro ya kasa gani in magariba ta yi. Jiki ba ya ɗaukar wannan abu sosai sai tare da mai. Tumatir da lemun tsami kuma suna taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake. Mata masu ciki da masu goyo suna bukatar wannan ƙwarai. Amma yaron da bai kai shekara 2 ba, a dafa masa karotin da waken, a murƙushe, a sa mai kaɗan. Kada a ba shi ɗanye.

Ran Laraba mai zuwa, bayan la'asar, za mu yi shi nan tare. Masu garka su kawo salati da tumatir. Mata su kawo wake dafaffe da kwano babba. Ni zan zo da mai da lemun tsami. Kowa ya zo da littafinsa da alƙalami, don za mu rubuta kayan da awonsu a allo, ku kwafe. Dattijon nan na garka ma na gaya masa ya zo, ya ce zai zo kallo.