Gaɗa: Makarantar Farko ta Rawa

A Amurka, masu sha'awar raye-rayen gargajiya na ƙasashen duniya sukan taru a zaure, malami yana ƙidaya musu taku. A ƙasar Doguwa kuwa, daga Riruwai har Falgore, dandali ne makarantar. Da farin wata 'yan mata sukan jeru suna tafi, ɗaya ta fito ta taka, sa'an nan ta faɗo da baya, sauran su cafe ta su cilla. Sabuwar shiga amshi take fara koya kafin taku. Abin da ya fi wuya shi ne sakin jiki, domin wadda ba ta amince da ƙawayenta ba takan sandare, ta yi musu nauyi. Yau wayar hannu ta rage wa dandali jama'a, har akan sami budurwar da ba ta taɓa shiga gaɗa ba.