Manhaja Mai Ƴanci: Kayan Aikin da Ya Halatta Mu Kwafa Mu Raba



 Malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya, da ƴan'uwana matasa maza da mata da kuka taso daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, barkanmu da ganin wannan rana.

An ba ni ƴan mintoci in yi magana kan kwamfuta, wadda da yawanmu muke ce wa ordinatar. Maganata za ta tsaya kan manhajojin da ke cikinta, wato abubuwan da muke buɗewa mu yi rubutu, mu yi lissafi, mu gyara hoto ko murya. Bari in fara da tambaya. Duk mai kwamfuta a wannan zaure, Windows da Word ɗin da ke cikinta, sayensu ya yi? Mun san amsar. Ana sayen kwamfuta ta hannu a kasuwa, a kai wa mai gyara, ya zuba mata manhajar da aka fasa wa makulli, a ba shi na goro, a tafi. Haka abin yake a gidaje, a siber, har a ofisoshin ƙungiyoyi irin tamu.

Wannan ɗabi'a tana da matsala uku. Ta farko, masu manhajar sun gindaya sharaɗin a biya kafin a yi aiki da ita, mu kuwa mun tsallake sharaɗin. Hukuncin wannan na malamai ne, ga su nan zaune, amma ko ba a faɗa ba zuciya ba ta natsuwa da shi. Ta biyu, wanda ya fasa makullin ba mu san shi ba, ba mu kuma san abin da ya cusa a ciki ba. Ta nan birus yake shiga, ya bi kile ɗin USB daga kwamfuta zuwa kwamfuta, ɗalibi ya wayi gari rubutun kammala karatunsa ya ɓace. Ta uku ita ce tsufa. Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro da ya saba bayarwa, sai ga wanda ya shiga wani tsari na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma ba ya karɓar mafi yawan kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017, irin waɗanda suka cika kasuwanninmu. Kwamfutar da ba ta samun gyaran tsaro tamkar gida ne da katangarsa ta faɗi. A watan Mayun 2017 wani birus mai suna WannaCry ya bi ta irin wannan ɓaraka ya kulle kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har aiki ya tsaya a asibitocin Ingila da dama.

To, mafita tana nan, kuma ta girmi yawancinku. Sunanta manhaja mai ƴanci.

Kowace manhaja tana da asalin rubutunta, jerin umarnin da masu shirya ta suka rubuta. Kamfanoni da yawa suna ɓoye wannan rubutu. Ka ɗauka an sayar maka da babur amma an liƙe injin, an ce ba bakaniken da zai buɗe shi sai kamfani. Wajen shekarar 1980, wani masanin kwamfuta a jami'ar MIT ta Amurka, Richard Stallman, ya nemi asalin rubutun manhajar wata na'urar buga takarda da ke yawan maƙale musu, don ya gyara, aka hana shi. A 1983 ya shelanta aikin GNU, a 1985 ya kafa gidauniyar manhaja mai ƴanci, a 1989 ya fitar da lasisin GPL. Ƴancin da ake nufi guda huɗu ne: ka yi aiki da manhajar yadda ka so, ka duba cikinta ka gyara, ka kwafa ka ba wani, ka kuma raba gyaran da ka yi. Sharaɗin GPL shi ne duk wanda ya raba ta, ko ya gyara ko bai gyara ba, ya bar wa na bayansa wannan ƴanci. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar tsarin, wadda ake kira Linux. Da aka haɗa ta da kayan GNU sai aka sami cikakken tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Wayar Android da ke aljihunku ma a kan Linux take.

Ku lura da ƴanci na uku. Masu manhajar da kansu suka ce a kwafa a raba. Kile ɗaya ta isa a zuba wa dukan sassan ƙungiya, ba tare da an ci haƙƙin kowa ba.

Yanzu ga kayan aikin, kuma duk suna tafiya ko a kan Windows. LibreOffice, wanda aka fara a 2010 kuma gidauniyarsa take Jamus, yana da Writer na rubuta wasiƙa da rahoto, Calc na lissafin kuɗin ma'aji, da Impress na gabatar da darasi a allo. Yana buɗe takardun Word da Excel, yana kuma fitar da PDF. GIMP na gyaran hoto ne, ɗalibai biyu na jami'ar Berkeley suka fara shi a 1995. Inkscape na zana tambari da allon sanarwa. Scribus na tsara shafukan mujalla da ƙasida irin wadda ke hannunku. Audacity na tace murya, ga masu ɗaukar karatun malamai. VLC kuwa, mai alamar nan ta mazugin hanya, kusan kowa yana da shi bai san ɗan gidan nan ba ne: ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faris suka fara shi a 1996, aka sake shi ƙarƙashin GPL a 2001.

Akwai kuma waɗanda ido ba ya gani, ana ce musu laburare. Tubala ne da aka riga aka buga, kowane magini ya ɗiba ya yi gininsa. FFmpeg, wanda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2000, shi ya san yadda ake karanta ɗaruruwan nau'o'in bidiyo da sauti, kuma VLC yana dogara da shi. GTK an ƙirƙire shi ne don zana maɓallai da tagogin GIMP, daga baya manhajoji masu yawa suka ɗauka. Wanda ya fi shafarmu shi ne HarfBuzz, wanda Behdad Esfahbod, ɗan asalin Iran, ya jagoranci gininsa. Kun ji harafi a cikin sunan. Shi ne yake sanin siffar da baƙin Larabci zai ɗauka a farkon kalma, tsakiya ko ƙarshe, da inda wasali zai zauna. LibreOffice, Firefox, Chrome da Android duk da shi suke aiki. Ga kuma haruffan da cibiyar SIL ta sake kyauta: Charis da Andika suna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, Harmattan da Alkalami kuwa an zana su ne don ajamin Afirka ta Yamma. Ke nan ba mu da sauran uzurin rubuta ƙasa ta koma kasa.

Na san wani zai ce araha ba ta ado. To, jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice a 2005, sannan daga 2008 suka shiga mai da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu, wani nau'in Linux da Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocin gwamnati wajen 30,000 kan LibreOffice. Waɗannan ba rashin kuɗi ya kai su ba. So suke ragamar takardunsu ta zauna a hannunsu.

Amma in gaya muku gaskiya, akwai ƴar wahala. Takardar Word mai yawan ado takan ɗan karkace in an buɗe ta a LibreOffice, shi ya sa in za ku kai bugu ku mai da ita PDF tukuna. Wasu na'urorin buga takarda suna gardama da Linux. Maɓallan ba a inda kuka saba suke ba, sai an yi haƙurin ƴan kwanaki. Kuma manhaja mai ƴanci ita ma tana son sabuntawa, ba laya ba ce. A sauke ta daga shafinta na asali kawai.

Ga abin da nake roƙo mu yi kafin taro na gaba. Na ɗaya, kowane sashe ya zuba LibreOffice a kwamfutar sakatare, a riƙa rubuta rahoton taro da shi. Na biyu, kada a jefar da tsohuwar kwamfuta. Linux Mint yana tafiya da ƙwaƙwalwar giga 2, ya fi sakewa da giga 4, kuma ana iya gwada shi daga kile ba tare da an goge komai ba. Amma kafin a girka shi, a kwashe takardu a adana wani wuri. Na uku, kowane gari ya fitar da mutum biyu, namiji da mace, su koya su koyar. Ƴan'uwa mata, wannan aiki naku ne kamar yadda yake na maza. Lasisin bai hana karɓar ladan girkawa da koyarwa ba, saboda haka sana'a ce ta halal ga mai nema. Na huɗu, waɗannan manhajoji ƴan sa-kai ne suke fassara su zuwa harsunan duniya, aikin gayya ne. Wanda ya iya Hausa da Faransanci yana da abin bayarwa, ko bai iya rubuta umarni ko layi ɗaya ba. Zanen aro ba ya rufe katara, in ba mu sa harshenmu a ciki ba, ba wanda zai zo ya sa mana.

Allah Ya sa albarka a wannan ƙungiya, Ya saka wa waɗanda suka kafa ta da alheri, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mai da kowa gidansa lafiya.