Mashayin da ya tuba ya fara gane-gane: asibiti za a kai shi, ba mari ba

Wannan shi ne bayanin da wani ɗan'uwa ma'aikacin jinya, wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin masu taɓin hankali, ya yi wa matasa a wani zama bayan sallar isha'i a ɗaya daga cikin ƙauyukan ƙasar Ɗambatta.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (SAW), mai jawabin ya ce ya san wasu za su yi mamakin a tara su a kan maganar giya a ƙauye, a jihar da aka ƙaddamar da Shari'a tun 2000, aka kuma kafa Hisba da doka a 2003, tana ta farfasa kwalabe a bainar jama'a. Ya ce to ai giyar da ke cin samarinmu ba ta zuwa a kwalba. A 'yar leda take zuwa, ta shige aljihu, ta hau mota ta sauka ba wanda ya gan ta. Irin wannan ce hukumar NAFDAC ta sanar da haramta sayar da ita a 2024.

Ya ce kowa a wurin ya san yadda ƙasar take: gona manne da gona, ba saura ba daji, ana ta rabon gado har gayaunar wani ta koma kamar shimfiɗar tabarma. Shi ya sa da an kai gero da dawa rumbu sai samari su kama hanyar cin rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja. A can ne yaro zai wuni yana dako, bayansa ya riƙe, sai a nuna masa mai sayar da maganin ciwon baya ko na basir, alhali saiwoyi ne aka jiƙa a cikin ogogoro. Da sunan magani yake farawa. Kafin rani uku ya zama ba ya iya ɗaga buhu sai ya kurɓa.

Daga nan sai ya ba da labarin wani saurayi da bai ambaci sunansa ko garinsu ba. Ya dawo gida gab da azumi, wa'azi ya shige shi, ya yi niyya tsakaninsa da Allah cewa da an ga wata ya bar giya ke nan. Ranar farko hannunsa na rawa, gumi na zuba, aka ce yunwa ce. Rana ta biyu ya faɗi yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Daren rana ta uku ya fara ihu yana cewa ga macizai a jikin bango, ga ƙwari na bin jikinsa, bai gane mahaifiyarsa ba. Mutanen gida suka ce iska ce, aka ɗaure shi a ɗaki, aka yi ta hayaƙi da tofi. Sai a rana ta huɗu wani abokinsa ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. Aka sa shi a mota, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Mai jawabin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce da wannan abokin ya yi magana ranar farko, a bisa abin da ido ya saba gani, kwana bakwai na magani sun isa yaron ya tashi.

Ya ci gaba da bayanin abin da ke faruwa a jikin mutum. Ya ce giya tana danne ƙwaƙwalwa kamar yadda linzami ke danne doki. Idan aka yi shekaru ana ja, sai ƙwaƙwalwar ta koyi turjewa da ƙarfi don ta iya aiki. Ranar da aka cire linzamin farat ɗaya, wannan ƙarfin bai san an cire ba, sai dokin ya zabura. Daga awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe sai rawar hannu, gumi, amai, faɗuwar gaba da rashin barci. Cikin kwana biyun farko ne ake tsoron faɗuwa irin ta farfaɗiya. Tsakanin kwana na biyu da na huɗu kuwa wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani: zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, gane-gane da jiye-jiye, kuma wannan matakin ne ke kisa idan ba a yi magani ba. Ya ce ba kowane mashayi ne ke kaiwa nan ba, amma wanda ke sha kullum, wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, da wanda ya taɓa faɗuwa a baya, waɗannan suna cikin haɗari sosai.

Ya ce shi bai zo ya hana kowa addu'a ba, a yi ta yi, amma a yi ta a cikin motar da ke tafiya asibiti. A asibiti ana ba da diyazefam, wato baliyam, ko makamancinsa, bisa awo, ana ragewa kullum har kusan mako guda, don ya riƙe linzamin a sassauta shi a hankali. Ana ƙara ruwa, ana kuma yin allurar bitamin B1, domin mashayi ba ya cin abincin kirki, wannan sinadari ya ƙare a jikinsa, rashinsa kuwa yana iya lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya riƙa manta abin da aka gaya masa yanzun nan, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. A nan ya ja kunne da babbar murya: kada wani ya ji sunan magani ya tafi kemis ya sayo wa ɗan'uwansa. Baliyam da giya idan suka haɗu suna iya tsayar da numfashi, kuma shi kansa baliyam ɗin yana kama mutum.

Game da inda za a je, ya ce idan mutum ya faɗi ko ya ruɗe a nufi asibitin gwamnati mafi kusa, na Ɗambatta ko na Bichi, a kuma gaya wa likita gaskiya: me yake sha, nawa, yaushe ya sha na ƙarshe. Ɓoye wa likita don kare sunan gida shi ne ke sa a yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro ana barin ainihin ciwon. Idan kuwa shiri ake yi tun kafin a daina, ga asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a kan hanyar Katsina, ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ya ce zuwa Dawanau ba ya nufin mutum mahaukaci ne, kamar yadda zuwa kasuwar hatsin da ke can ba ya nufin an yi fari a gidanku.

Ya taɓo maganar makarantun mari. Ya tuna wa jama'a yadda a watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan aka sami irinsa a Daura a watan Oktoba. Ya ce iyayen da suka kai 'ya'yansu ba ƙin su suke yi ba, rasa yadda za su yi suka yi, amma mari ba ya hana farfaɗiya, bulala kuma ba ta mayar da ruwan da jiki ya rasa.

Inda ya fi daɗewa shi ne a kan abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti. Ya ce mako gudan nan wanke jiki kawai aka yi, kwaɗayin yana nan, kuma binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa cikin mutum 100 da suka yi jinyar shaye-shaye, 40 zuwa 60 kan koma. Akwai magani irin naltirezon da likita kan bayar don rage kwaɗayin, amma babban abin shi ne a canza wa mutum wuni. Kada ya koma tashar da ya koyi sha, ko da za a yi asarar cin ranin shekara guda. A nema masa ko ɗan fegi ne a noman rani, a Watari ta Bagwai ko a dam ɗin Tomas. Kada a damƙa masa kuɗin gyaɗa dunƙule guda. Ya ce a 1935 wasu mashaya biyu a garin Akron na Amurka, ɗaya likita ne ma, suka gano cewa zama da juna da faɗa wa juna gaskiya shi ke riƙe su, daga nan ƙungiyar masu barin giya ta yaɗu a duniya. Mu kuwa sau biyar muke haɗuwa a rana, amma sai mu matsa a sahu idan tsohon mashayi ya tsaya kusa da mu.

Ya tunatar da 'yan'uwa hadisin da ke cikin Bukhari, na sahabin da aka yi ta kawowa ana yi masa haddi a kan giya, wani ya tsine masa, Manzo (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ya ce wanda ya koma bayan wata uku a sake kai shi, ko da karo na huɗu ne.

A lokacin tambayoyi wani matashi ya tashi ya ce, Malam, ashe ke nan mutum ya ci gaba da sha don tsoron mutuwa? Ya amsa da cewa haramcin da ke cikin Suratul Ma'ida yana nan daram, abin da yake faɗi shi ne ranar niyya ta zama ita ce ranar zuwa asibiti, kada a raba su. Wanda yake so ya shiga azumi da tsarki, a kai shi tun a Sha'aban. Idan kuma jinyar ta riske shi cikin Ramadan, hukuncin mara lafiya ne a kansa, ya sha maganinsa ya rama daga baya.

Wani kuma ya tambayi kuɗin mota da na magani. Aka tsaya a kan cewa da kaka kowane gida zai kawo kwano ɗaya na dawa a ajiye don wannan, sannan mutum biyu masu babur suka yarda a buga musu ƙofa ko da tsakar dare ne.