Ganye Ya Bushe, Icce Bai Mutu Ba

Hirarmu ta yau a kan ƙaramin icce ce, wanda ganyensa ya fara ƙonewa.

Tun shekarar 1975, ranar 3 ga watan Agusta ita ce ranar dashen itatuwa a Nijar. A lokacin ƙasa tana da laima, dashe yana kore shar. Amma daminar Adar gajera ce. Wahalar dashe tana zuwa ne da bazara, a watannin Maris, Afirilu da Mayu.

A ajinmu na Tebaram akwai wata dattijuwa. Ta dasa mangwaro a tsakar gida ranar sunan jikanta. Da bazara ta yi, sai ganyen ya koma ruwan ƙasa. Ta zo aji ranta a ɓace. Ta ce mini: "Malam, iccen yaron nan ya mutu, zan tuge shi." Na ce: "Inna, a dakata, mu duba tukuna."

Ga yadda muka duba. Ku ma haka za ku yi. Ku sa farce ku ɗan kankare ɓawon reshe. In kun ga kore a ƙarƙashi, iccen yana da rai. In wurin ya bushe, ku sauka ƙasa kaɗan ku sake gwadawa, har gindi. Mangwaron Inna kore ne. To, saura a san abin da ke damunsa. Abu biyar ne suka fi yawa.

Na farko, ƙishi. Ku tona gindin da hannu, zurfin tafin hannu ɗaya. In ƙasar ta bushe, ƙishi ne. Yayyafi kullum ba ya kai wa saiwa. Ku yi wa iccen gurbi mai faɗi. Ku zuba bokiti 2 da marece, sannu a hankali, bayan kowane kwana 3.

Na biyu, yawan ruwa. Saiwa ma tana numfashi. In ƙasar ta zama taɓo, tana wari, ganye ya yi rawaya yana zuba, to saiwa ta fara ruɓewa. Ku tsai da ban ruwa har ƙasar ta sha iska.

Na uku, gishiri. Alamarsa ita ce bakin ganye ya ƙone, kuma a ga fari-fari a kan ƙasa kamar kanwa. Ruwan wata rijiya yana kawo shi. Ruwan sabulu, fitsarin dabbobi da ɗanyen taki su ma haka. Ku kwashe farar ƙasar. Ku zuba ruwa mai kyau bokiti 4 a rana ɗaya, don ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi.

Na huɗu, gara. Ku duba ko ta yi gini a jikin iccen. Ku kankare ginin, ku kwashe busassun itace da ke kusa, ku riƙa dubawa kowace safiya. Gara ta fi kama iccen da ƙishi ya raunana.

Na biyar, iska da rana. Iskar hunturu da zafin bazara suna busar da ganye. Ku kafa zana ta gabas da arewa. Ku shimfiɗa karan hatsi a cikin gurbi don ya riƙe laima. Amma ku bar tazarar yatsa huɗu tsakanin kara da gindi, saboda gara. Tare iska ba ƙaramin abu ba ne. Don haka ne aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975, su kare gonaki.

Na Inna gishiri ne. A gindin mangwaron yara ke zubar da ruwan wanki, suna ganin taimako suke yi. Aka hana. Aka wanke ƙasar, aka yanke busassun rassa da wuƙa mai kaifi, aka kafa zana.

Ku riƙe abu biyu. Kada ku sa wa icce marar lafiya taki, sai ya farfaɗo. Kuma ganyen da ya ƙone ba zai koma kore ba. Sabon toho za ku jira. Tohon mangwaro ja-ja yake fitowa, kada ku ɗauka ciwo ne. Inna ta jira makonni. Wata rana ta shigo aji da dariya, ta ce: "Malam, ya yi toho!" Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

Ga aikin gida. Ku rubuta kalmomin nan a littafinku: ƙishi, ruwa, gishiri, gara, iska. Kowa ya nemi icce ɗaya mai ciwo a unguwarsu, ya duba shi. Ya rubuta ranar da ya duba da abin da ya gani. Ku kawo wa malaminku, a karanta a aji, a tattauna.

Allah ya raya mana dashenmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.