Jawabin da na yi ranar bikin cikar ƙungiya: maganin tarin fuka yana son mai tsaro

Uwar ƙungiya, iyayena mata, yayye da ƙanne, Allah ya maimaita mana wannan rana. An ce in yi magana a kan adashi, amma ku yi mini haƙuri, maganar tarin fuka na zo da ita, don ya shiga gidanmu.

Ƙanena ne ya kamu. Tari ya fi wata, ga zufar dare, ga rama, mu kuwa muna ta jiƙe-jiƙe muna cewa sanyi ne. Da aka gwada kakinsa aka ce tibi ne, aka sa shi a magani na wata 6. Wata 2 ya sha, ya ji ƙarfi, ya ce ya warke. Kuma gaskiya asibitin gwamnatin da nisa, kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Sai ya daina. Ba a jima ba ciwo ya dawo, har da jini.

A karo na biyu mai kemis na bakin kasuwarmu ne ya tura mu wani asibitin kuɗi da ke unguwarmu. Ashe gwamnati ta haɗa kai da irin waɗannan asibitoci da masu kemis: su ne kusa da jama'a, ita kuma ta ba da maganin kyauta. Aka sake gwaji don a ga ko ciwon ya riga ya bijire wa magani, Allah ya sa bai kai nan ba. Sai ma'aikaciyar ta ce ba za ta ba shi ƙwaya ba sai ya kawo wanda zai tsaya a kansa. Ni ce na tsaya.

Kullum da sassafe, kafin in fita buɗe rumfa, sai ya haɗiye a gabana, ni kuma in sa alama a kati. A nan karatun yaƙi da jahilci ya yi mini rana, wallahi! Ranar da fitsarinsa ya koma ja ya so ya gudu, na ce an riga an faɗa mana aikin maganin ne. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga. Wata 6 cif, aka gwada, aka ce ya rabu da shi.

Maganin farko da na biyu duk iri ɗaya ne. Abin da ya canza, wurin karɓa ya matso kusa, kuma akwai ido a kansa.

Don haka duk wadda tari ya kai mako 2 a gidanta, a je a gwada, a bar ɓoyo. Uwar ƙungiya, roƙona shi ne a ware wani abu daga asusunmu na kuɗin mota da abinci ga mai jinya, don maganin yana son ci. Ni zan fara zubawa yau.