Kwalejin da Mutanen Gari Suka Hana a Rufe

Jawabin da aka gabatar a zaman reshe

 

Malam Shugaban reshe, Malam Sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu da suka ajiye alli amma ba su ajiye ƙungiya ba, 'yan uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka halarta, ina yi muku barka da zuwa. An nemi in yi magana a kan zaman makaranta da jama'ar da take cikinsu. Na ga ya fi amfani in ɗauki makaranta guda in ba da labarinta daga tushe. Makarantar tana Amurka, a jihar Kalifoniya, sunanta Kwalejin Birnin San Faransisko. An yanke hukuncin karɓe mata takardar amincewa a 2013, har an sa rana, amma yau ga ta nan ana karatu a cikinta.

Sai na fara bayyana irin makarantar, domin ba mu da takwararta sak a nan. A Amurka akwai abin da suke kira kwalejin al'umma. Karatunta na shekara biyu ne, gwamnati ce ke ɗaukar nauyinta, kuɗinta kuma ba ya kusa da na jami'a. Wadda ake lissafawa mafi daɗewa cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliyet a jihar Ilinoi, da aka buɗe a 1901, sunan "kwalejin al'umma" kuwa ya bazu ne bayan rahoton kwamitin da Shugaba Truman ya kafa, wanda ya fito a 1947. A Kalifoniya akwai irinsu fiye da 110. Ƙa'idar shiga a can ita ce, duk wanda ya gama sakandare ko ya kai shekara 18 ana karɓarsa. Babu jarrabawar share fage, babu makin da za a ce sai ka kai. Wani ya shigo ya yi shekara biyu ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Wani ya koyi aikin jinya ko gyaran mota ko girki ya kama sana'a. Wani kuma dattijo ne, darasi ɗaya ya kawo shi.

An kafa ta San Faransisko a 1935, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. Babbar harabarta tana kudancin birnin, amma ta baza rassa cikin unguwanni: akwai a unguwar 'yan Sin, akwai a unguwar Mishan inda masu jin Sifaniyanci suka fi yawa, akwai a tsakiyar gari. A waɗannan rassa ake koyar da Turanci kyauta ga baƙin da suka yi ƙaura zuwa ƙasar, safe da dare, har da darasin shirya mutum ga jarrabawar zama ɗan ƙasa. Sashenta na koyon girki da aikin otal yana nan tun 1936. Ɗalibai suna da jaridarsu, The Guardsman, wadda ta girma tare da makarantar. Har wani katafaren zanen bango ta mallaka na shahararren mai zanen Meziko, Diyego Ribera, wanda ya zana a 1940. A wajen 2012 masu karatu a cikinta sun kai kimanin 85,000, a birnin da mutanensa ba su wuce 800,000 da ɗoriya ba. Ko da an cire masu zuwa daga garuruwan kewaye, da wuya ka shiga gida a birnin ba ka sami wanda ya taɓa zama a ajinta ba. Ku riƙe wannan, domin da shi aka ci yaƙin.

Hukumar da ke tantance irin waɗannan kwalejoji a yammacin Amurka ana kiranta ACCJC a taƙaice. Hukuma ce mai zaman kanta, amma gwamnatin tarayya ce ta amince da ita, kuma hukuncinta yana da nauyi ƙwarai. Makarantar da ta rasa amincewarta ta rasa kuɗin jiha, ɗalibanta sun rasa tallafin tarayya, jami'o'i kuma ba dole ne su karɓi sakamakonsu ba. A watan Yulin 2012 hukumar ta ɗora wa kwalejin mafi tsananin takunkumin da take da shi kafin kora, wato ta kawo hujjar da za ta hana a soke ta. Ranar 3 ga Yulin 2013 ta sanar cewa ta soke amincewar, hukuncin zai fara aiki 31 ga Yulin 2014. Babu wanda ya ɗauki abin wasa, domin 'yan shekaru kafin nan hukumar ta yi wa Kwalejin Kwamton da ke kusa da Los Anjalas haka, har sai da wata kwalejin maƙwabciya ta karɓi ragamar karatu a harabarta.

Mene ne laifin? Wannan shi ya fi ɗaure wa mutane kai. Rahoton bai ce malamai ba su iya koyarwa ba, har ma ya yaba wa wasu sassa. Ƙorafin ya tsaya ne a kan kuɗi da shugabanci: albashi da haƙƙoƙin ma'aikata sun cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na kasafi, ajiyar ko-ta-kwana ta yi ƙasa, manyan jami'an gudanarwa sun yi kaɗan, yanke shawara yana ɗaukar lokaci saboda yawan kwamitoci, ba a kuma cika takardun auna sakamakon koyo yadda hukumar take so ba. Adalci ya sa in ce wasu daga cikin waɗannan gaskiya ne, kuma an ja kunnen kwalejin a kansu tun 2006. Sai dai bayan karyewar tattalin arziki ta 2008 jihar ta zabge kuɗin da take ba kwalejoji, ita kuwa wannan ta zaɓi ta ci gaba da buɗe azuzuwa da riƙe malamai maimakon ta kori ɗalibai. Abin da jama'ar gari suke gani alheri, shi masu tantancewa suka rubuta a shafin sakaci.

Nan take hukumar kwalejojin jihar ta karɓe iko daga kwamitin amintattun da mutanen birni suka zaɓa da ƙuri'arsu, ta naɗa kantoma, wani mai suna Robert Agrella, ya zama shi kaɗai ke yanke hukunci. Mu da muka san zamanin kantomomi a ƙananan hukumomi ba ma bukatar a fassara mana.

Yanzu ga inda ya shafe mu. Malaman kwalejin suna cikin reshe mai lamba 2121 na Tarayyar Malaman Amurka. Da sun ga dama da sun tsaya a kan albashinsu, wanda dama an riga an rage. Abin da suka yi shi ne suka zauna suka karanta dokokin da ita kanta hukumar tantancewar take ƙarƙashinsu. A watan Afrilun 2013, tun kafin hukuncin soke amincewa, reshen da uwar ƙungiyarsa ta jiha suka kai doguwar takardar ƙorafi, mai ɗaruruwan shafuka, har gaban Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. A watan Agusta ma'aikatar ta amsa cewa hukumar ta saɓa wa wasu ƙa'idoji. Daga ciki, tawagar da ta ziyarci kwalejin ba ta ƙunshi malaman aji yadda ya kamata ba, kuma mijin shugabar hukumar, Barbara Beno, yana cikin tawagar, abin da ke iya jawo zargin son kai. Mai binciken wasu ya wayi gari ana bincikensa. Wannan aiki ba a filin zanga-zanga aka yi shi ba. Wasu mutane ne suka hana idonsu barci a kan takardu masu gundura, irin waɗanda mu nan muke sa wa hannu ba mu karanta ba.

A wannan watan ne kuma lauyan birnin, Dennis Herrera, wanda shi ma zaɓaɓɓe ne, ya kai hukumar kotu da sunan jama'ar Kalifoniya. A Janairun 2014 alƙali Curtis Karnow ya ba da umarnin kada a aiwatar da hukuncin sai an gama shari'a. Da wannan umarni ranar 31 ga Yuli ta zo ta wuce ƙofofi a buɗe. A farkon 2015 alƙalin ya yanke cewa hukumar ta karya doka ta wasu fuskoki, musamman da ta kafa hujja da wasu kurakurai ba tare da ta ba kwalejin cikakkiyar damar kare kanta a kansu ba. Bai soke hukuncin hukumar ɗungurungum ba, nasarar rabi ce. Amma kafin nan matsin lamba ya sa hukumar ta ƙirƙiro wani sabon matsayi na gyara, ta ba kwalejin shekara biyu. A Janairun 2017 aka mayar mata da cikakkiyar amincewa ta shekara bakwai.

Me ya sa lauyan birni zai kashe lokacinsa a kan makaranta? Don masu zaɓensa ɗalibanta ne, ko iyayen ɗalibanta, ko tsofaffin ɗalibanta. Tun a Nuwamban 2012, ana tsakiyar rikici, aka tambayi mutanen birnin ko sun yarda a ɗora musu harajin dala 79 a shekara kan kowane fuloti don kwalejin. Doka ta ce sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce sun yarda. Ku dubi wannan da kyau: makarantar da jaridu ke cewa ta kusa mutuwa, mutane suka sa hannu a aljihu saboda ita. Ɗalibai suka yi zaman dirshan a ginin gudanarwa, a Maris na 2014 har 'yan sanda suka fesa musu barkonon tsohuwa. Jaridar ɗalibai ta bi labarin mako bayan mako, ta yadda mai son sanin abin da kantoma ya yanke yana da inda zai karanta.

Yajin aiki bai zo ba sai a ƙarshe. Ranar 27 ga Afrilun 2016 malaman suka yi yajin yini ɗaya, na farko a tarihin reshen. Lokacin albashinsu yana ƙasa da na 2007, a birnin da kuɗin hayarsa ke cikin mafi tsada a Amurka, hukumar makaranta kuma tana shirin rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na azuzuwa. Yini ɗaya ya isa a rufe dukkan rassa, bayan 'yan watanni aka cim ma yarjejeniya. A Nuwamban shekarar masu zaɓe suka amince da ƙarin haraji kan cinikin gine-ginen da kuɗinsu ya kai dala miliyan 5 zuwa sama, kuma daga zangon kaka na 2017 karatu a kwalejin ya zama kyauta ga mazauna birnin, aka ɗauke musu dala 46 da ake biya kan kowane yunit na darasi. Reshen malaman yana sahun gaba a wannan fafutuka, alhali ba albashinsu ake magana ba.

Kada in bar ku da zaton komai ya daidaita. Shekarun fargaba sun kori dubban ɗalibai, domin babu mai son fara karatu a inda ake cewa gobe za a rufe. Jihar kuwa bisa yawan ɗalibai take biya. Majalisar jiha ta tallafa na 'yan shekaru, tallafin ya ƙare. A ƙarshen 2019 aka soke ɗaruruwan azuzuwa, da yawa na tsofaffi ne. A 2021 malamai suka yarda a rage musu albashi don kada a kori abokan aikinsu, amma duk da haka a 2022 aka sallami malamai 38 na dindindin, malaman wucin gadi da dama kuma suka rasa azuzuwansu. A Janairun 2024 hukumar tantancewa ta sake yi wa kwalejin gargaɗi. Masu cewa lissafin kuɗin makarantar bai daidaita ba, ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, kuma ƙaunar jama'a ba ta biyan bashin fansho.

Ba zan ce mu kwafi Amurka ba. Mu ba mu zaɓar hukumar gudanarwar makarantunmu, ba a kuma tambayarmu kafin a sa haraji. Amma muna da masu tantance mu. Hukumar NBTE tana nan tun 1977 a kan kwalejojin fasaha, NCCE tun 1989 a kan kwalejojin ilimi. Kowa a zauren nan ya san yadda ake shirya wa zuwansu a wurare da yawa: a yi fenti, a aro kayan aiki, a gyara fayil cikin dare, baƙi su tafi, rahoto ya shige durowa. Malamin da rahoton ya yi magana a kan sashensa sau da yawa bai taɓa ganinsa ba. Idan wata rana aka janye amincewa daga wani kwas, ɗaliban da iyayensu suka sayar da amfanin gona don su ne za su fara ɗanɗanawa, sannan mu.

Sai kuma tambayar da ta fi nauyi. Mutum nawa a garin nan za su fito idan aka ce za a rufe mu? Mai shayin bakin ƙofa zai fito, da masu ba ɗalibai hayar ɗaki, da masu Keke Napep, don abincinsu. Amma uwar da ba ta iya karanta takardar asibiti ba, makanikin da ke son lissafin da zai riƙe littafin shagonsa, matashin da ya haddace Alƙur'ani yake neman boko, wane aji muka taɓa buɗe musu? Azuzuwanmu a kulle suke daga la'asar har safiya, da dukkan ranakun hutu. Jama'ar gari ba su jin muryarmu sai ranar da muka sanar da yajin aiki, shi ya sa idan muka shiga yajin suke tambaya ko kuɗi ne kuma.

Saboda haka, Malam Shugaba, ina roƙon kwamitin zartarwa ya duba abu biyu kafin zama na gaba. Ya rubuta wa hukumar makaranta ya nemi kwafen rahoton tantancewa na ƙarshe, a raba shi sashe-sashe, a buga taƙaitawarsa da Hausa a wannan mujalla domin iyalanmu ma su karanta. Sannan a nemi izinin aji biyu da yamma, ranakun Asabar da Lahadi, don karatun manya kyauta, a buɗe rajistar malaman da za su ba da awa biyu a mako. Sakatare ya rubuta sunana a rajistar, darasin lissafi, ranar Asabar.